Yadda Ake Bin Diddigin Kalma Mai “Theo-” Har Zuwa Tushenta na Girkanci

Ɗaliban addini da falsafa da kimiyyar siyasa, da masu fassara labarai daga Turanci ko Faransanci, har da 'yan makarantar harhaɗa magunguna, sun sha yin tambaya iri ɗaya: wannan “theo” da ke gaban theology da theocracy da Theodore daga ina ya fito, kuma ko duk inda aka gan shi ma'anarsa ɗaya ce? Rabin farko na tambayar ba shi da wuya. Daga kalmar Girkanci θεός ya fito, wadda ake rubutawa theos da boko, ma'anarta abin bauta. Rabi na biyu ne ke da aiki, domin amsarsa a'a ce. Theology ɗan gida ne, theory baƙo ne. Theobromine ɗan gida ne, theophylline kuwa ko kusa bai haɗa dangi da theos ba. Kama da wane ba ta wane. Ga yadda za ka tantance da kanka, mataki bayan mataki.

Kayan aiki da abin da za ka kashe

Waya mai intanet ta isa. Kana buƙatar ƙamus iri biyu. Na farko na harshen da ka tsinci kalmar a ciki, amma mai bayanin asalin kalmomi: Etymonline ko Wiktionary ga Turanci, CNRTL ga Faransanci, dukkansu kyauta. Babban ƙamus na Oxford ya fi su bayar da shekarar da kalma ta fara bayyana a rubuce, sai dai na biya ne, in ba ɗakin karatun jami'arku ya yi rajista ba. Na biyu ƙamus ne na tsohon Girkanci, wato na Liddell da Scott, wanda aka fara bugawa a 1843 kuma aka fi sani da LSJ. Yana nan kyauta a shafin Logeion na Jami'ar Chicago da shafin Perseus na Jami'ar Tufts. Ƙamus na asalin kalmomin Girkanci na Robert Beekes na 2010, mai juzu'i biyu, yana da tsada ƙwarai, kuma ba za ka neme shi ba sai a Mataki na 8.

Ka ƙara Girkanci a cikin harsunan madannin wayarka. A Gboard ana yi daga wurin saituna, ba a biyan komai. Ka tanadi takarda da biro kuma, saboda yankan kalma da hannu ya fi shiga kai. Idan hannunka ya faɗa, kalma ɗaya ba za ta ci maka fiye da minti goma sha biyar ba.

Mataki na 1: Kwafi kalmar daidai, ka lura da harshen da ta biyo

Rubuta kalmar harafi bayan harafi, tare da jimlar da ka same ta a ciki. Kada ka dogara da yadda ka ji an furta ta.

Dalili shi ne harafin farko na theos, wato θ mai suna theta, kowane harshe da yadda ya karɓe shi. A zamanin su Aflatun ana furta shi kamar t mai ɗan huci, shi ya sa Rumawa suka rubuta shi da th. Daga baya a bakin Girkawa ya koma kamar ث ta Larabci, kuma haka yake har yau. Turanci yana rubuta th ya furta kamar ث. Faransanci yana rubuta théologie amma t zalla ake ji. Sifaniyanci da Italiyanci sun jefar da h ɗin gaba ɗaya, suna rubuta teo. Rashawa sun mayar da shi f a sunaye, shi ya sa Theodoros ya zama Fyodor. A Habasha sunan ya zama Tewodros, kamar sarkin da ya yi mulki daga 1855 zuwa 1868. Larabci ya riƙe ث ɗinsa: akwai littafin da aka fassara a Bagadaza a ƙarni na 9 mai suna Uthulujiya, wanda aka jingina wa Aristotal alhali daga rubuce-rubucen wani masanin falsafa dabam mai suna Plotinus aka tsamo shi, kuma sunan nasa theologia ce aka larabtar.

Gargaɗi: rashin h ba ya kore kalma daga gidan theos, samuwarsa kuma ba ya shigar da ita.

Mataki na 2: Haddace haruffa takwas

Haruffan Girkanci 24 ne, amma don wannan aiki takwas sun wadatar: θ wato th, ε wato e gajere, η wato e dogo, ο wato o gajere mai suna omicron, ω wato o dogo mai suna omega, α wato a, ι wato i, sai σ wato s, wanda ke komawa ς idan ya zo a ƙarshen kalma. Theta ita ce ta takwas a jeri, saboda haka a ƙamus na takarda ka neme ta kusa da farko, bayan η, ba can wajen t ba.

A madannin kwamfuta na Girkanci θ tana kan maɓallin U, ω tana kan V, ς tana kan W. Idan a Perseus kake kuma ba ka da madannin, akwai tsarin rubuta Girkanci da boko inda q ke wakiltar θ, w ke wakiltar ω, h ke wakiltar η. Wato ka rubuta qeos. Masu farawa da yawa suna rubuta theos a nan, na'ura ta karanta shi a matsayin wasu haruffa dabam, su ɗauka kalmar ce babu.

Ka riƙe siffofin kalmar guda huɗu: θεός tilo, θεοί jam'i, θεοῦ siffar mallaka, θεά ta mace.

Mataki na 3: Yanka kalmar a gaɓarta

A makaranta ana kiran theo- ɗafa-goshi, amma a gaskiya saiwa ce mai cin gashin kanta da ake harɗawa da wata saiwar. Wannan yana da amfani a sani, domin ɗafa-goshi na gaske a goshi kaɗai yake zama, ita kuwa wannan tana iya zuwa a farko, a tsakiya ko a ƙarshe, kuma tana sauya kama.

A farko, gaban baƙi, tana fitowa cikakkiya: theo da logy, theo da cracy, Theo da dore. Gaban wasali kuwa o ɗin yakan faɗi, sai ka ga the kawai: the da ism, the da archy. Wani lokaci wasulan biyu sukan narke su zama ɗaya. Theos da ergon, wato aiki, sun ba da θεουργία, wadda ta zama theurgy. A tsakiya za ka same ta a atheism da monotheism da polytheism da pantheon da apotheosis. A ƙarshe tana cikin Timotheos, wato Timoti, mai girmama Allah, da Dorothea, wadda Theodora ce aka juya gaba ya koma baya.

Wuri mafi ɓoyuwa shi ne enthusiasm. Asalinta ἔνθεος, en ma'ana a ciki, theos ma'ana abin bauta: mutumin da abin bauta ya shige shi. Wasula suka haɗe aka samu enthous, daga nan ἐνθουσιασμός. Babu “theo” ko ɗaya a rubutun Turancin, amma 'yar gida ce ta asali. Haka sunan mata Tiffany, wanda ya taso daga Theophania ta hanyar tsohon Faransanci.

Gwada yanka biyu ko uku a takarda, ka ja layi tsakanin gaɓoɓin. Yankan da ya bar maka guntu marar ma'ana a hannu, ka yi shakkarsa.

Mataki na 4: Nemo ma'anar abokin harɗin

Kalmar da ta fito daga theos da gaske, ɗaya rabin nata ma kusan kullum Girkanci ne mai ma'ana, kuma idan ka haɗa ma'anonin biyu hankali zai ɗauka. Waɗanda aka fi cin karo da su: logos magana ko bayani, kratos iko, dike adalci ko shari'a, sophia hikima, doron kyauta, philos masoyi, broma abinci, phainein bayyana, gone haihuwa. Masu zuwa a gaban theos kuma: harafin “a” mai kore abu, monos ɗaya tilo, polys da yawa, pan duka, apo daga.

Haɗa su ka ji. Theokratia, ikon abin bauta. Theodoros, kyautar Allah, daidai da Ata'ullahi ko Hibatullahi a Larabci. Theophania, bayyanar abin bauta. Irin sunayen da ke ɗauke da sunan abin bauta a cikinsu ma, kamar Abdullahi da Isma'ila, masana suna kiransu theophoric, daga pherein, ɗauka.

Gargaɗi: harɗin ba ya gaya maka wane ne mai yi, wane ne aka yi wa. Theophilos, wato Tiyofilus da aka ambata a farkon Linjilar Luka, yana iya zama mai son Allah ko wanda Allah ke so. A wasu kalmomin ɗan layin da ke saman wasali ne ke raba gardama, kamar yadda karin sauti ke raba kalmomi a Hausa. θεοφόρος, mai alama a kan gaɓa ta kusa da ƙarshe, shi ne mai ɗauke da abin bauta. θεόφορος, da alamar ta ja baya, shi ne wanda abin bauta ya ɗauka. Idan kana kwafa, kwafa har alamar.

Mataki na 5: Buɗe ƙamus biyun, bi da bi

Fara da ƙamus na Turanci ko Faransanci, ka je sashen asalin kalma. Karanta sarƙar daga sabo zuwa tsoho, ka rubuta kowane zango. Theology, alal misali, ta shiga Turanci daga Faransanci, Faransanci daga Latin theologia, Latin daga Girkanci θεολογία. Gajerun alamomin da za ka gani su ne Gk. ko Gr. na Girkanci, L. na Latin, da NL ko Mod.L. na sabon Latin da masana kimiyya suka ƙera daga baya.

Sai ka ɗauki siffar Girkancin ka kai LSJ. Suna ana nemansa da siffar tilo ta mai aikatawa, wato θεός ba θεοῦ ba. Aikatau kuwa ana jera shi da siffar “ina yi”, saboda haka kallo yana ƙarƙashin θεάομαι. A cikin bayanin za ka ga Il. da Od. na Iliad da Odyssey, waƙoƙin tsohon mawaƙin Girka Homer, Hdt. na masanin tarihi Hirodotus, Pl. na Aflatun, LXX na tsohuwar fassarar Attaura da littattafan annabawa zuwa Girkanci. Su ne shaidar wanda ya yi amfani da kalmar da kuma ma'anar da ya ba ta.

A nan ne za ka yi gwaji mafi sauri a duk aikin: dubi harafi na uku. Harɗin theos yana da o gajere, θεο. Theory kuwa θεωρία ce, theorem θεώρημα, da omega. Boko ya rubuta su duka da “o” ya ɓoye bambancin, Girkanci bai ɓoye ba.

Gargaɗi: gwajin na tayar da shakka ne, ba na yanke hukunci ba. Apotheosis ana rubuta ta ἀποθέωσις da omega, kuma daga theos take, saboda ta biyo ta aikatau mai ma'anar mayar da mutum abin bauta, wasalin ya tsawaita a hanya. Ka ga omega, ka ci gaba da karanta bayanin har ƙasa.

Mataki na 6: Tace masu kama

Nan ne aka fi faɗuwa, kuma masu kaman gida-gida ne. Gara ka san su tun kafin su same ka.

Gidan kallo. Theatre daga θέατρον take, wurin kallo. Theory da theorem daga theoros suke, ɗan kallo, musamman wakilin da gari ke turawa ya halarci biki ko ya je wurin duba. Da yake aikin nasa ya shafi ibada, tun a zamanin da wasu sun so su danganta kalmar da theos, amma mafi yawan masana a yau suna mayar da ita ga θέα, kallo. Lura da alamar: θέα kallo ce, θεά kuwa abar bauta mace. Haruffa uku iri ɗaya, wurin alama kaɗai ya bambanta.

Gidan shayi. Wannan ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana nuna yadda ido ke yaudara. Ɗauki theobromine da theophylline ka ajiye su gefe da gefe. Dukkansu dangin kafeyin ne, kuma lissafin ƙwayoyinsu ɗaya ne, C7H8N4O2, tsarin zamansu ne kawai ya bambanta. Yanka ta farko: theo, brom, ine. A 1753 Carl Linnaeus ya raɗa wa bishiyar koko suna Theobroma cacao, abincin alloli, kuma da aka ciro sinadarin daga 'ya'yan koko a 1841 sai aka ba shi sunan bishiyar. Theos na nan daram. Yanka ta biyu: theo, phyll, ine. Phyllon ganye ne, sai mai gaggawa ya ce ganyen alloli. Ba haka ba ne. Albrecht Kossel ya ciro wannan sinadari daga ganyen shayi a 1888, kuma sunan shayi a Latin na masana tsirrai a lokacin Thea ne, kalmar da ta taso daga te na Sinancin gaɓar Fujian ta hannun 'yan kasuwar Holan. Ma'anar ita ce ganyen shayi, o ɗin kuwa mahaɗi ne kawai. Theine da theanine ma 'yan wannan gida ne. Ƙarin tarko ga ɗaliban kimiyya: babu sinadarin bromine a cikin theobromine. Broma abinci ne, bromos wari ne, kalmomi biyu dabam.

Gidan Jamusawa. Theobald da Theodoric ba Girkanci ba ne. Farkonsu tsohuwar kalmar ƙabilun Jamus ce mai ma'anar jama'a, wadda ita ce kuma tushen Deutsch. Theodoric, sarkin Gotawa da ya mulki Italiya daga 493 zuwa 526, sunansa na nufin mai mulkin jama'a. Marubutan Latin ne suka rubuta sunayen da “theo” saboda sun saba da Theodorus. Alamar gane su tana rabi na biyu: bald da ric ba su da ma'ana a Girkanci.

Gidan farar wuta. Thio da ke cikin thiamine da thiosulfate daga θεῖον take, farar wuta. Akwai wata θεῖον mai ma'anar abin da ya shafi allahntaka, rubutunsu ɗaya, kuma da yake Girkawa suna turara farar wuta don tsarkake wuri, an daɗe ana cakuɗa su. LSJ ya ba kowacce nata gurbi. Haka θεῖος: ɗaya sifa ce daga theos, ɗaya kuma kawu ko baffa ne, wadda ta haifi tío a Sifaniyanci da zio a Italiyanci.

Sauran ka wuce su da sauri. Thesis da theme daga aikatau mai ma'anar ajiyewa suke. Therm zafi ne. Ƙarshen Prometheus ba theos ba ne, Athena ba harɗin “a” da theos ba ce, Matthew kuwa Ibrananci ne. Theodolite, na'urar da masu safiyo ke auna kusurwa da ita, ta fara bayyana a littafin Leonard Digges da aka buga a 1571, kuma ƙamusoshi suna rubuta cewa ba a tabbatar da asalinta ba. Idan ka ga haka, kai ma rubuta haka, kada ka cike gurbin da zato.

Mataki na 7: Gano shekarar haihuwar kalmar da wanda ya ƙera ta

Kasancewar sassan kalma Girkanci ba ya nufin Girkawan da sun san ta. Raba kalmominka kashi biyu.

Kashi na farko waɗanda aka samu a tsofaffin rubuce-rubuce. Theologia ta bayyana a wurin Aflatun a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma abin da yake nufi shi ne yadda ya kamata mawaƙa su riƙa ba da labarin alloli. Zamanta sunan fannin karatu ya zo ne can baya, a makarantun Turai na ƙarni na 12, zamanin Peter Abelard. Theokratia kuwa Josefus, Bayahuden masanin tarihi, shi ya ƙera ta a ƙarshen ƙarni na 1 don ya bayyana wa masu jin Girkanci tsarin da Annabi Musa ya kafa, inda iko duka na Allah ne. Ma'anar mulkin malaman addini da 'yan jarida ke nufi yau ta biyo baya.

Kashi na biyu waɗanda Turawa suka harhaɗa da tsofaffin sassa. Monotheism ta fito daga alƙalamin Henry More a 1660. Pantheist ta yaɗu ta hannun John Toland daga 1705. Théodicée Leibniz ne ya ƙera ta a 1710, a Faransanci, don batun adalcin Allah duk da samuwar sharri a duniya. Irin waɗannan ba za ka same su a LSJ ba, kuma rashin samun ba kuskurenka ba ne.

Gargaɗi: kada ka sa wa Bagirken da kalmar da aka ƙera shekara dubu biyu bayan mutuwarsa a baki. Kuskure ne da ke yawan fitowa a kundin ɗalibai, kuma mai dubawa da ya san aikinsa nan take zai kama shi.

Mataki na 8: San inda za ka tsaya

Theos tsohuwa ce ƙwarai. Tana cikin allunan yumɓu na zamanin Maisiniya a tsohuwar Girka, fiye da shekara 1,200 kafin haihuwar Annabi Isa, a rubutun da ake kira Linear B wanda Michael Ventris ya warware a 1952. A can an rubuta ta te-o. Ga yawancin masu bincike, nan ya isa.

Wanda ke son wucewa gaba, inda ƙamus na Beekes zai yi masa amfani, ya kiyayi babban tarko ɗaya: deus ta Latin. Ma'ana ɗaya, sauti kusa, amma ba tushe ɗaya ba. Deus dangin Zeus ce da deva ta Sanskrit, daga saiwa mai nufin sama mai haske. Theos kuwa masana sun fi danganta ta da fanum ta Latin, wurin ibada, da festus, na biki, da dik ta Armeniyanci, alloli. Hujjar ƙa'idar sauti ce: d ta Latin a farkon kalma d take dacewa da ita a Girkanci, kamar decem da deka, goma, θ kuwa f take dacewa da ita. Saboda haka theism da deism kalmomi biyu ne daga harsuna biyu, kuma ma'anarsu a falsafa ma ta rabu. Teotl ta mutanen Aztek na Meziko, wadda ake gani a sunan Teotihuacan, ita ma abin bauta take nufi, kuma dacewa ce kawai, babu wata hanya tsakaninta da Girka.

Ko Girkawan kansu kada ka karɓi bayaninsu ido rufe. Hirodotus ya ce an kira alloli theoi saboda su suka ajiye komai a muhallinsa. Aflatun ya kawo cewa daga thein ne, gudu, saboda rana da wata da taurari kullum cikin tafiya suke. Duka biyun shaida ce mai daraja kan yadda suke tunani, amma ba su da ƙa'idojin sauti da aka gano a ƙarni na 19.

Mataki na 9: Mayar da ita Hausa

Tambayar farko: wane abin bauta marubucin ke nufi? Theos a bakin Homer kowane ɗaya ne daga cikin alloli masu yawa, maza da mata. A nan ka ce abin bauta, ko alloli, ko allolin Girkawa. Kada ka rubuta Allah da babban baƙi, kuma kada ka yi saurin cewa gunki, domin gunki sassaƙen ne, su kuwa wanda sassaƙen ke wakilta suke nufi. A rubutun Yahudawa da Kirista na Girkanci kuwa, ὁ θεός Allah Maɗaukaki ake nufi, kuma haka fassarar Littafi Mai Tsarki ta Hausa ta rubuta. Babban baƙi ba zai taimake ka a tsofaffin kwafe ba, saboda duka da manyan haruffa aka rubuta su, kuma sau da yawa an taƙaita kalmar zuwa ΘΣ da layi a sama.

Theology an saba fassara ta da ilimin tauhidi, Musulmi da Kirista duka suna faɗin haka, kuma daidai ne idan addinin mai kaɗaita Allah ne. Idan maganar addinin Girkawan da ce ko na Hindu, tauhidi bai dace ba, tunda kalmar kanta kaɗaitawa take nufi. Ka ce aƙidarsu game da alloli. Polytheism a rubutun bincike bautar alloli da yawa ce. Shirka hukunci ne na shari'a, ka ajiye ta sai inda marubucin da kansa yake hukuntawa. Theocracy ka duba jimlar: ko mulkin da ake jingina wa Allah, ko mulkin malaman addini.

Tambaya ta biyu: a wane ƙarni aka rubuta jimlar? Enthusiasm a Ingila ta ƙarni na 17 da na 18 zargi ce, ana jifan mai da'awar wahayi ko mai wuce gona da iri a addini da ita. A jaridar yau zumuɗi ce ko ɗoki, kuma sako maganar abin bauta a fassararta ɓata ma'ana ne. Atheos ta fi haɗari. A yau atheist mulhidi ne, wanda bai yarda da samuwar Allah ba. A tsohon Girkanci kalmar tana iya nufin marar tsoron alloli, ko wanda alloli suka yasar, ko wanda ya ƙi allolin garinsu. Da wannan ma'ana ta ƙarshe mutanen daular Rum suka riƙa kiran Kiristocin farko atheoi, saboda sun ƙi yin yanka ga allolin hukuma. Idan jimlarka daga wancan zamani take, ka rubuta masu ƙin allolin gari, sannan ka ƙara gajeren bayani a ƙasan shafi da ke nuna kalmar Girkancin da ƙarnin da aka yi amfani da ita.